DARASIN WANNAN WATA: WA ZAI KULA DA GININ?
Sana'ar shugabancin gini da gyaran gida a ƙasar Gaya da Ajingi

Darasinmu na wannan wata ba a kan gona yake ba, a kan gida ne. A karanta shi a hankali a wurin taro, mutum ɗaya yana karantawa sauran suna ji, a riƙa tsayawa a ƙarshen kowane kashi a yi shawara. Wanda yake da fensir da takarda ya zo da su, gama akwai lissafi a ciki.

1. ABIN DA YA SA MUKA ƊAUKO WANNAN MAGANA

A watan Agusta na 2022 hukumar ba da agajin gaggawa ta Jihar Kano ta ba da sanarwa cewa ruwa ya rushe gidaje 495 a Ƙaramar Hukumar Ajingi, mutum 3 kuma suka rasu. Waɗanda suke zaune a can ba su bukatar a tuna musu. Ko a shekarar da ba a yi ambaliya ba, da wuya damina ta wuce ba mu ji katanga ta faɗi ko soro ya rufta a wata unguwa ba.

Waɗansu sukan ce laifin ginin ƙasa ne, da siminti aka yi da ba haka ba. Amma a ran 30 ga wannan watan na Agusta 2022 wani bene na siminti da rodi da ake ginawa a titin Beirut cikin birnin Kano ya rushe a kan mutane. A ran 12 ga Yuli 2024 kuma ginin wata makaranta ya rufta a Jos ana cikin karatu, mutum 22 suka rasa rayukansu. Ashe ginin ƙasa yana faɗuwa, na siminti ma yana faɗuwa. Sau da yawa ba kaya ne suka kāsa ba, kulawa ce ta kāsa. Ba a sami wanda zai auna, ya ƙidaya, ya duba, ya ce a tsaya sa'ad da ya ga ana yin abin da bai kamata ba.

Akwai dalili na biyu. Kowace shekara bayan kaka samarinmu sukan tafi cin rani Kano, ko Kaduna, ko Abuja, su yi lebura a wuraren gini. Wani zai shekara goma yana ɗaukar kwanon sarki a ka, ya dawo bai iya faɗa maka bulo nawa ɗaki ɗaya yake ci ba. Ƙarfinsa ya tafi, ladansa bai ƙaru ba. Alhali kuwa a kowane wurin gini akwai mutum ɗaya wanda ba ya ɗaukar kaya a ka, amma ya fi kowa lada, domin shi ne yake ɗauke da aikin duka a zuciyarsa. Sana'ar wannan mutum ita ce darasinmu. Za mu kira shi mai kula da gini.

2. BA SABON AIKI BA NE A ƘASAR HAUSA

Kada wani ya ce wannan aikin Turawa ne. Tun zamanin dā magina suna da shugabanninsu, shi ya sa akwai sarautar Sarkin Magina a manyan garuruwa. Shi ne yake karɓar aikin fada, ya raba wa magina, ya san yawan ƙasa da azara da mutanen da za a nema, shi ne kuma za a tuhuma idan gini ya ɓaci.

Ku dubi Masallacin Juma'a na birnin Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu, wanda ake kira Muhammadu Durugu, ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830. Da ƙasa da azara aka yi bakan-gizonsa, har yau masana gini daga ƙasashe dabam dabam suna zuwa kallo. Hannu biyu ba su isa wannan aiki ba. Sai da aka sami masu haƙar ƙasa, masu ɗebo ruwa, masu cuɗa tubali, masu saro giginya, da kai ɗaya wanda ya san abin da kowa zai yi gobe.

A zamaninmu ma akwai misali. A ƙauyen Yama na wajen Tawa a Jamhuriyar Nijar, wani manomi kuma magini mai suna Falke Barmu ya shugabanci ginin masallacin garinsu tun daga 1962. Mutanen gari ne suka yi aikin da gayya, kowa ya kawo abin da zai iya. A 1986 ginin ya sami lambar yabo ta duniya ta Aga Khan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, gaskiya ne. Amma hannu ɗari ma ba za su ɗora ta daidai ba in babu mai cewa, "Ku ɗaga, ku matsa dama, ku sauke."

3. AYYUKA BIYAR NA MAI KULA DA GINI

Na ɗaya, dubawa da aunawa. Kafin a sa diga a ƙasa yakan zagaya filin. Ina ruwan sama yake bi? Akwai tsohon kududdufi da aka cike da shara a wurin? Akwai gara? Ina iyakar maƙwabci? Ina za a haƙa masai, ina rijiya take? Masu aikin lafiya suna ba da shawara a bar tsakanin masai da rijiya kamar mita 30. Gyara a kan takarda ba ya cin kome, gyara bayan an ɗora bulo yana cin kuɗi da zumunci.

Na biyu, lissafi. Yakan rubuta dukan kayan da za a bukata da yawansu, da ladan ma'aikata, da kuɗin dako, da kuɗin ruwa, kafin a saya ko ƙusa ɗaya.

Na uku, tsara lokaci. A ƙasarmu damina ita ce mai iko da magini. Ruwa yakan sauka sosai daga Yuni zuwa Satumba, ya fi ƙarfi a Agusta. Saboda haka ana cuɗa tubali ko buga bulo bayan kaka, sa'ad da kududdufai suke da sauran ruwa, mutane kuma sun sami hannu. Ana ɗaga bango da sanyin hunturu. Rufi kuwa dole a gama shi kafin iskar farkon damina. Wanda ya bari sai Afrilu ko Mayu kafin ya fara, zai tarar rijiyoyi sun ja baya, ruwa ya yi tsada, ma'aikata kuma hankalinsu ya koma sharar gona. Har wa yau mai kula yakan san ranakun mutanensa. Ba ya sa a fara zuba kankare da hantsin Juma'a, gama kankare ba ya jiran a dawo daga masallaci. Ba ya tilasta wa mai zuwa sujada ran Lahadi. Da azumi yakan sa a fara aiki mai nauyi da sassafe.

Na huɗu, riƙon mutane. Birkila, da kafinta, da mai walda, da mai fenti, da lebura, kowa yana da lokacin shigarsa. Idan aka kira kafinta bango bai kai ba, an biya shi ladan zama. Mai kula yakan biya lada a ranar da aka yi alkawari, ba ya zagin babba a gaban yaransa, ba ya barin yara ƙanana su yi wasa ƙarƙashin tsani. Yakan kuma hana masu haƙar ƙasa yin rami mai shiga ƙarƙashin gaɓa, gama irin wannan rami ya sha rufta wa mutane.

Na biyar, tsare ingancin aiki. Wannan shi ne mafi wuya, domin yawancin aikin gini ɓoye yake. Da an yi filasta an shafa fenti, ba mai ganin yawan simintin da ke cikin bulo ko kaurin rodin da ke cikin linta. Mai gida ba ya gani. Mai kula ne kaɗai ya sani, sai Allah.

4. BARI MU YI LISSAFI TARE

A nan a tsaya, kowa ya ɗauki fensir. A ce wani yana so ya gina ɗaki ɗaya na bulo mai inci 9. Tsawon ɗakin daga waje mita 4, faɗinsa mita 4, tsayin bango mita 3. Ƙofa ɗaya, taga biyu.

Kewayen ɗakin: 4 sau 4, mita 16.
Fuskar bangon duka: 16 sau 3, murabba'in mita 48. Murabba'in mita ɗaya shi ne wuri mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya.
A cire ƙofa, kamar murabba'in mita 2, da tagogi biyu, kamar 3. Saura 43.
Kowane murabba'in mita yana cin bulo kamar 10. Watau 430.
A ƙara 5 bisa kowane 100 saboda waɗanda za su fashe. Ya zama kamar 450.
Harsashi: layi ɗaya na kewayen ɗakin yana cin bulo kamar 35. Idan layi 3 za a yi, 105 ke nan.
Jimla: bulo 555.

Yanzu siminti. Buhu ɗaya kilo 50 ne. Idan ana son bulo mai inci 9 mai ƙarfi, buhu ɗaya bai kamata ya wuce bulo 25 zuwa 30 ba. A raba 555 da 30, za a sami buhu 19. Na jera bulon kuma, a ƙiyasta buhu ɗaya ga bulo 50, watau buhu 11. Jimla buhu 30, ban da kankaren harsashi, da linta, da daɓe, da filasta.

To, ga inda jaraba take. Akwai masu buga bulo 45 da buhu ɗaya. Idan aka yi haka, buhu 13 sun isa maimakon 19, an rage buhu 6. Tun da buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da yawa a farkon 2024, buhu 6 ba ƙaramin kuɗi ba ne. Amma irin wannan bulo kana goga shi da yatsa yashi yana zuba. Mai gida ya tsira da kuɗin buhu 6, ya sa iyalinsa kwana a ƙarƙashin bangon da ruwa zai ci. Araha ba ta ado. Gwajin da kowa zai iya yi shi ne, a ɗaga busasshen bulo zuwa ƙugu a sake shi a ƙasa mai tauri. Idan ya wargaje, kada a saya.

Ga waɗansu ƙa'idodi kuma da ya kamata kowane mai kula ya haddace:

Kankare na linta da ginshiƙi, awo 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. Buhu ɗaya yana cika kwanon sarki kamar 2, saboda haka buhu ɗaya yana tafiya da kwano 4 na yashi da kwano 8 na tsakuwa.

Yashi ya zama mai tsabta. A zuba kaɗan a kwalba da ruwa, a girgiza, a ajiye. Idan laka mai kauri ta kwanta a bisa yashin, ba shi da kyau.

Kada a cika wa kwaɓi ruwa domin a ji daɗin zubawa. Yawan ruwa yana rage ƙarfin kankare.

Bayan an zuba kankare ko an buga bulo, a riƙa ba su ruwa safe da yamma har kwana 7 aƙalla. Siminti ba bushewa yake so ba, ruwa ne yake sa shi ƙarfi, kuma sai ya kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake lissafta masa. Da hunturu iska tana shanye ruwan da sauri, sai a rufe da tsofaffin buhuna masu laima ko ciyawa.

A ajiye siminti a bisa katako, nesa da bango, kada a jera fiye da buhu 10 a tsaye, kada kuma a saya wanda zai wuce wata 3 ba a yi amfani da shi ba.

5. KUSKUREN DA MU KANMU MUKA YI

Ba za mu ɓoye muku ba, mun koyi waɗansu daga cikin waɗannan abubuwa da hasara. Shekarun baya mun taimaki wata ƙungiyar manoma a wani ƙauye kusa da Gaya gina sito na ajiye taki da iri. Aka naɗa kwamiti na mutum uku, dukansu mutanen kirki. Da muka ji siminti zai tashi, sai muka saye shi duka tun Fabrairu, muka jibge a ƙasa cikin wani zaure. Kuɗin yashi da tsakuwa ya ƙare, aiki ya tsaya ana jiran karo-karo. Kowane ɗan kwamiti yana zaton ɗan'uwansa ne yake lura. Da aka koma aiki a Mayu, muka tarar buhunan da ke ƙasa sun sha laima sun zama dutse. Aka yi rufi da gaggawa, kafinta bai ɗaure katako da bango ba, ba wanda ya hau ya duba. Hadarin farko ya ɗauke kwanon ya kai shi gonar maƙwabci.

Ba wanda ya saci ko kwabo. Amma ƙungiyar ta yi hasara kamar an yi mata sata. Abin da muka koya shi ne, kwamiti yana iya tara kuɗi ya binciki lissafi, amma wurin gini mutum ɗaya yake so, wanda kowa ya san sunansa, wanda yake da littafi a hannu, wanda kuma ake biyansa domin wannan aiki.

6. GYARAN GIDA SHI NE MAKARANTA TA FARI

Saurayi ba zai fara da kwangilar makaranta ko asibiti ba. Amma daga Kademi zuwa Shagogo, daga Toranke zuwa Balare da Gafasa, babu unguwar da ba ta da gidan da yake neman gyara. A nan ne za a koyi sana'ar, a nan kuma za a yi suna.

Ginin ƙasa ta wuri biyu yake mutuwa, ta ka da ta ƙafa. Mai duba gida sai ya bi wannan tsari:

Ya hau soro. Indararo ya toshe? Ya fito nesa da bango yadda ruwa ba zai bi jikin gini ba? Akwai kwari a rufin inda ruwa yake kwanciya? An yi ta ƙara ƙasa shekara da shekaru har nauyi ya fi ƙarfin azara? Wani lokaci magani shi ne a rage tsohuwar ƙasa, ba a ƙara sabuwa ba.

Ya shiga ɗaki ya ƙwanƙwasa azara. Azarar giginya tana da ƙarfi, gara ba ta cika cinta ba, amma bakinta da yake cikin bango yana ruɓewa idan laima ta daɗe. Magina na dā ba su yarda azara ta haye fili fiye da kamar ƙafa 6 ba tare da tallafi ba.

Ya duba gindin bango. A nan ne ruwan indararo yake fantsama, dabbobi suke goga jiki, fitsari da gishirin ƙasa suke ci. Idan gindi ya zaizaye, bangon yana tsaye ne a kan rabin ƙafarsa. A cike da sabon kwaɓi, a yi dakali mai gangara zuwa waje, a buɗe wa ruwa hanya ya fita daga gida.

Ya bi tsaga. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, ruwa ma haka. Tsagar da take a kan yaɓe kawai, yaɓe ne maganinta. Amma wadda ta ratsa bango, ko wadda take ƙara faɗi, alama ce harsashi yana motsi. A manna mata ɗan kwaɓi a rubuta ranar. Idan ya sāke tsagewa, a fitar da mutane daga ɗakin kafin a yi wata magana.

A yi hankali da shafa siminti a kan bangon ƙasa. Su biyun ba su kama juna sosai. Ruwa yakan shiga ta baya, ƙasa ta jiƙe a ɓoye, daga waje kuwa bango yana sheƙi, sai wata rana filastar ta ɓallo gaba ɗaya. Kakanninmu suna da makuba ta ɓawon ɗorawa, da laso wanda ake haɗawa da katsin marina. Inda akwai tsohon da ya san haɗinsu, a je a koya tun yana da rai. In kuwa dole sai siminti, a kafa ragar waya a bangon tukuna, a kuma tabbata ruwa ba ya shiga ta sama.

Rufin kwano kuma, a ɗaure katakonsa da langa-langa ko waya mai kauri wadda aka binne cikin bango. Jera duwatsu a kan kwano ba ɗauri ba ne.

Wanda ya zagaya gidaje goma a watan Maris ya rubuta wa kowane mai gida abin da ya gani da abin da gyaran zai ci, ya riga ya fara aikin mai kula da gini, ko da bai taɓa shiga kwaleji ba.

7. HANYOYIN SHIGA SANA'AR

Hanya biyu ce, kuma suna haɗuwa a gaba.

Hanyar hannu. Lebura ya zama yaron magini, ya zama birkila ko kafinta, ya zama helma mai riƙe da ƙungiyar ma'aikata, ya zama mai kula da wurin gini duka, daga nan ya iya karɓar ƙananan kwangila da kansa. Abin da yake ɗaga mutum daga mataki zuwa mataki ba ƙarfin damtse ba ne. Karatu da rubutu ne, da lissafi, da iya karanta zanen gini, da amana. Saboda haka muna roƙon samari masu zuwa cin rani, ku sayi tef na awo da ƙaramin littafi. Kowace rana ku rubuta abin da aka yi: buhu nawa aka buɗe, bulo nawa aka jera, mutum nawa suka yi aiki. Ku tambayi birkila dalilin abin da yake yi. Wanda bai iya karatu ba ya shiga ajin yaƙi da jahilci, ba abin kunya ba ne. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana yin jarrabawar gwajin sana'a mai mataki uku, ana farawa daga na 3 a hau zuwa na 1. Hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, watau NBTE, wadda aka kafa a 1977 take da hedkwata a Kaduna, ita ma tana da tsarin ba da shaidar ƙwarewa ga wanda ya koyi sana'a a wurin aiki. Takarda ba ta jera bulo, amma tana buɗe ƙofar da ba a buɗe wa marar ita.

Hanyar makaranta. A Wudil maƙwabciyarmu akwai kwalejin koyon sana'a ta gwamnati, inda ɗalibai suke ɗaukar jarrabawar NABTEB. Akwai kuma jami'ar kimiyya da fasaha wadda ta fara aiki a 2001, aka sa mata sunan Aliko Dangote a 2022, tana koyar da zanen gini da aikin injiniya. A kwalejojin kimiyya da fasaha, kamar ta Jihar Kano da ta Kaduna, ana yin shekara 2 a sami ƙaramar difloma, a fita aiki shekara 1, a koma shekara 2 domin babbar difloma. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen koyon gini da sashen ƙididdigar kuɗin gini. Yaron da yake son wannan hanya ya riƙe lissafi, da Turanci, da kimiyya tun daga sakandare. Wanda ya gama, ya yi aiki ya ƙware, yana iya neman rajista a majalisar magina ta ƙasa, CORBON, wadda doka ta kafa a 1989. Dokar ƙasa ta san maginin da yake da rajista a matsayin mai sana'a kamar injiniya da mai zanen gini.

Kada a ce wannan na maza ne kaɗai. Matanmu ne suke yin daɓe tun dā, su ne kuma suka fi sanin inda ɗaki yake yoyo. Riƙon sito, da littafin kuɗi, da ƙididdigar kaya, da zanen gini, duk yarinya mai ilimi tana iya yi, akwai kuma mata da suke yinsu a ƙasar nan.

Gargaɗi ɗaya ga masu bin kowace hanya. Kowa ya san iyakarsa. Ɗaki da zaure da katanga, ƙwararren helma yana iya riƙewa. Amma bene, ko babban ɗakin taro mai faɗi, ko tankin ruwa na sama, dole a nemi injiniya ya yi lissafin rodi da ginshiƙi, a kuma nemi izinin hukuma inda doka ta ce. Faɗin "wannan ya fi ƙarfina" ba ya rage wa mutum daraja.

8. TSAKANIN MAI GIDA DA MAI KULA

Yawancin faɗan gini daga baki yake farawa: "ai ka ce", "a'a, ban ce ba". Maganinsa takarda ce, ko da da fensir aka rubuta, da boko ko da ajami, a gaban shaidu biyu. A rubuta aikin da za a yi dalla-dalla, da wanda zai sayi kaya, da ranar farawa da ta gamawa, da ko jinga ce ko ladan yini. A raba biya kashi-kashi: kafin alƙalami kaɗan, sa'an nan bayan harsashi, bayan linta, bayan rufi. A riƙe ɗan saura sai ruwan farko ya sauka an ga ba yoyo. Idan mai gida ya sāke shawara a tsakiyar aiki, ya ce a ƙara taga, a rubuta kuɗinta a ranar.

Mai kula kuma ya ajiye rasit na kowane abu, kada ya haɗa kuɗin aiki da na aljihunsa, kada ya ɗauki kuɗin wannan gida ya toshe ramin wancan. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ya faɗi ladansa a fili tun farko, domin wanda ya ji kunyar faɗin ladansa shi ne yakan neme shi a cikin buhun siminti. Mu masu gida kuma mu daina ganin ladan mai kula kamar kuɗin banza. A ƙauye labari ba ya ɓuya. Ɗaki ɗaya da ya tsaya daram shekara goma ya fi kowane allon talla.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Gidaje nawa ne suka faɗi ko suka tsage a unguwarku a daminar da ta wuce? Ta ka suka lalace ko ta ƙafa?
2. A lissafin da muka yi, idan ɗakin mita 4 ne da mita 5, bulo nawa za a nema?
3. Mai gida ya ce wa mai kula ya buga bulo 45 da buhu ɗaya domin kuɗinsa kaɗan ne. Me ya kamata mai kula ya yi? Akwai wata hanyar rage kuɗi wadda ba ta da hatsari?
4. Su wane ne tsofaffin magina a garinku? Wa yake koyo a wurinsu?

AIKIN YI KAFIN TARO NA GABA

Kowace ƙungiya ta zaɓi matasa biyu masu iya rubutu, ta haɗa su da magini ɗaya dattijo. Su zagaya gidaje biyar, su fara da na gwauraye da tsofaffi waɗanda ba su da mai hawa musu soro. Su bi tsarin da ke kashi na 6, su rubuta abin da suka gani da kayan da gyaran zai ci. A kawo takardun wurin taro a duba tare, a sa ranar gayya kafin ƙarshen Afrilu. Ƙungiyar da take so mu zo mu duba lissafinta, ta aiko mana da saƙo ta hannun ma'aikacinmu na yankinta.

Sai mun sadu a darasi na gaba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare gidajenmu da waɗanda suke kwana a ciki.